Fayil ɗin da sai ya yada zango biyu kafin ya isa

'Yan'uwa masu aikin kwamfuta a gida, ina gaishe ku daga Jamus.

A wurin aikinmu babu fayil ɗin da ke tashi daga kwamfutarka ya sauka kai tsaye a sabar ajiya, wato kwamfutar kamfani da ake adana fayiloli a cikinta. Dole ya bi ta sabar ƙofa, wadda ita kaɗai ke fuskantar intanet, ya shiga ta tsakiya, sannan ya isa. Manhajar da kamfanin ya ƙera wa kansa kuwa ba ta san komai ba sai daga nan zuwa can. Kowane zango sai ka sake buga umarni, ka kuma tuna ka goge kwafin da ka bari a hanya.

Da abin ya ishe ni na rubuta koke, na ce a ƙara zaɓi a layin umarni yadda mutum zai jero zangon duka lokaci guda. Wallahi ban sa rai ba. Sai ga babban injiniya da kansa ya jawo kujera kusa da ni, biro a hannu, yana ta jero tambayoyi. In zango na biyu ya katse, a koma farko ko a ɗora daga inda aka tsaya? A tantance fayil ɗin da SHA-256, lissafin da ke nuna ko fayil ya sauya a hanya, a kowane zango, ko sai ya sauka? Wa zai share ragowar da ta maƙale a tsakiya? Ya tuna min yadda OpenSSH, kunshin manhajojin shiga wata kwamfuta daga nesa cikin tsaro, ya yi: tun fitowar 7.3 a 2016 umarninsa na shiga, ssh, ke da zaɓin -J, ka jero sabobin da waƙafi a tsakaninsu, scp, umarnin kwafar fayil, kuma ya samu nasa a 8.0 a 2019. Da wannan dabara fayil ba ya ma sauka a hanya, wucewa kawai yake yi a kulle. Ya ce salon nan za a bi, tunda hannun mutane ya riga ya saba da shi.

Amma fa jan ƙafar 'yan kamfanin na da cin rai. Gyaran da bai kai shafi ɗaya ba, sai mutum biyu sun duba, an rubuta gwaji, an sabunta takardar bayani, an yi taro. Nan na yi kewarku, don na san a cikinku akwai wanda zai gama shi a dare ɗaya, ana hira ana dariya.

Sai dai ku bari in faɗa muku. Wannan gwanin namu ba ya rubuta komai. Hanyar tana kansa, kalmar sirrin sabar ƙofa tana yawo a WhatsApp, ranar da ya sauya aiki kowa ya koma ɗaukar fayil a filas. Ƙaramin ma'aikaci kuma in ya kawo shawara, sai a ce oga bai sa hannu ba.

Duk mai bi ta sabar ƙofa ya buga ssh -V a kwamfutarsa yau, ya ga lambar fitowar da yake da ita. In ya kai 7.3, don Allah ya daina tara kwafi a tsakiya.