Wata shida da Google Authenticator a shagonmu na Kwari

Ni ne akawu a wani shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari, kuma imel ɗin shagon a hannuna yake. Ta nan masu aiko mana da kaya daga Chana suke turo takardun kuɗi. Har zuwa bara mutum biyar ne suka san kalmar sirrinsa, ciki har da wani yaro da ya bar aiki tun kafin azumi. Ranar da aka yi wa maƙwabcinmu kutse, aka tura wa kwastomominsa lambar asusun da ba tasa ba, Alhaji ya kira ni ya ce, "Malam, a ƙara wa abin nan kwaɗo na biyu."

Wato bayan kalmar sirri, sai an ƙara da wata lamba kafin imel ɗin ya buɗe. Da lambar da ake turowa ta tes muka fara. Wanda ya san cikin Kwari da rana tsaka ya san yadda sabis yake wahala. Kana zaune kana kallon waya, kwastoma na tsaye a kanka, lambar ba za ta shigo ba sai bayan ta mutu. Ga kuma ɓarayin da ke yi wa layin mutum welkam-bak su riƙa karɓar saƙonninsa.

Sai muka koma manhajar Google Authenticator. Kyauta ce. Ka haska hoton QR da asusun imel ɗin zai nuna maka sau ɗaya da kyamara, shi ke nan, ta riƙa ba ka lambobi shida da ke canzawa duk bayan daƙiƙa 30. Abin da ya fi burge ni, ba ruwanta da data ko sabis, domin a cikin wayar take lissafa lambar, daga wani mabuɗin sirri da kuma agogo.

Agogon nan kuwa ya ba mu aiki. Kwana biyu lambar wayar Alhaji ba ta shiga, tawa tana shiga. Har ya fara cewa a cire abin, ya gaji. Ashe shi da kansa ya tura agogon wayarsa gaba da minti biyar don kada jam'i ya riƙa wuce shi! Da muka mayar da shi ya riƙa saita kansa, magana ta ƙare. Yanzu agogon hannu ne ke gaba da minti biyar.

Tambayar da kowa ke yi mini a layinmu ita ce, in aka ƙwace wayar fa? Garin nan dai mun san halin da ake ciki. Tun 2023 manhajar tana iya adana lambobin a asusunka na Google, su dawo a sabuwar waya. Ni dai ban tsaya nan ba. Na buga lambobin ko-ta-kwana guda goma da asusun ke bayarwa, kowacce sau ɗaya take aiki, na sa takardar a sef ɗin Alhaji tare da takardun shago.

Abin da ba za ta iya ba shi ne kame bakin mutum. In wani ya bugo ya ce daga banki yake, ka karanta masa lambar, ka buɗe masa ƙofa da hannunka. Shi ya sa wayoyi biyu kawai muka sa wa, tawa da ta Alhaji. Yaran shago sun yi ƙorafi na sati guda, yanzu mai son shiga imel sai ya leƙo teburina.