Gwada Linux ba tare da goge Windows ba: VirtualBox, VMware ko Hyper-V?

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 da Microsoft ta daina kula da Windows 10, tambaya guda ce ɗalibai ke ta kawo mini nan Yamai: "Malam, in koma Linux?" Galibinsu kwamfutocin gwanjo ne a hannunsu, waɗanda Windows 11 ta ƙi saboda ba su da TPM 2.0, wani ɗan guntun na'urar tsaro da take buƙata. Amsata kullum ita ce, kada ka goge komai tukuna. Ka gina wata kwamfutar a cikin kwamfutarka da manhaja irin su VirtualBox, VMware ko Hyper-V, ka zuba mata Linux, ka zauna da ita sati biyu. In ba ta yi maka ba, ka share ta kamar yadda kake share hoto.

Amma kafin a zo ga sunan manhaja, buɗe ka ga RAM ɗinka nawa ne, domin nan maganar take. Baƙuwar manhaja, wato Linux ɗin da ka zuba, ba ta zuwa da guzurinta, a cikin kwanon mai gida take ci. Mai giga 4, gaskiya ka haƙura da wannan hanya: in ka ba baƙuwa giga 2, Windows ta rage da 2, dukkansu biyu sai jan ƙafa. Mai giga 8 zai iya ba ta 3 ko 4 ya yi aiki lafiya. Mai 16 kuwa ya huta. Shi ya sa in kana da ƴan jikkuna a aljihu, ƙarin RAM da faifan SSD za ka fara nema wajen masu gyara, ba manhaja ba, don manhajojin nan da zan lissafa kusan duk kyauta ne. Ka kuma tanadi wajen giga 30 a faifai.

VirtualBox ta Oracle ita nake fara ba mai koyo. Kyauta ce, tana da Faransanci, tana aiki a Windows da Linux da Mac, kuma ba sai ka buɗe asusu ba kafin ka sauke ta. Tun fitowar lamba 7.0 a 2022 tana iya kwaikwayon TPM, wato ko Windows 11 za ka iya gwadawa a ciki. Bayan ka girka Linux, kada ka manta da Guest Additions, wato ƙarin kayan VirtualBox da ake girkawa a cikin Linux ɗin. In ba su, allon zai tsaya ɗan ƙarami, kwafe rubutu daga wannan gefe zuwa wancan ma ba zai yiwu ba. Aibinta, hoto da bidiyo ba su cika tafiya sumul ba. Sannan Extension Pack ɗinta, wato ƙarin kayanta da ake saukewa daban, kyauta ce ga amfanin kai da na karatu kaɗai, ofis ko kamfani sai da lasisi.

VMware Workstation Pro a da ta kuɗi ce, mai tsada. Broadcom ta sayi kamfanin a 2023, a Nuwamba 2024 kuma ta mayar da ita kyauta ga kowa. A ganina ta fi VirtualBox santsi, musamman wajen hoto. Sai dai dole ka yi rajista a shafin Broadcom kafin ka same ta. Ɗalibin da ke karatun sadarwar kwamfutoci, wanda zai kunna na'ura biyu ko uku lokaci guda, ita ta fi dacewa da shi.

Hyper-V tana cikin Windows Pro da Enterprise da Education, babu ita a Home. Ba abin saukewa, kunnawa kawai za ka yi. Amma in tana kunne, sai ka ga VirtualBox ta yi nauyi, wani koren kunkuru ya bayyana a ƙasan tagarta. Kishiyoyi ne, ɗaya za ka zaɓa.

Mai sabon Mac na M1 zuwa sama ya duba UTM ko VMware Fusion, duka kyauta. Parallels ta kuɗi ce.

Sai batun wace Linux, wanda a nan ƙasar batun kuɗin data ne. Ubuntu 24.04 ta kusa giga 6, Linux Mint kusan rabin haka, kuma fuskarta ta fi kama da Windows. Nau'inta na Xfce ya fi sauƙi ga tsohuwar na'ura. In abokinka ya riga ya sauke, kai masa kile, wato filashin USB, ka kwafo. Wajen girkawa ka lura da madannai: in kwamfutarka AZERTY ce irin ta Faransa, zaɓi Faransanci, in ba haka ba za ka danna A ta fito Q, har kalmar sirrinka ta rikice maka.

In manhajar ta ƙi tashi tana maganar VT-x ko AMD-V, ba lalacewa ba ce, shiga BIOS, wato saitin kwamfutar da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, ka kunna shi. Da ka gama girkawa ka ɗauki snapshot, wato hoton halin da na'urar take ciki, domin in aka ɗauke wuta ana tsakar aiki kuma batirinka ya mutu, nan za ka koma. A zafin Afrilu da Mayu kuma kada ka ɗora kwamfutar kan katifa, manhaja biyu take ɗauke da su, Windows da Linux.

Mai giga 4 ɗin nan fa, ba a bar ka a baya ba. Zuba Mint a kile da manhajar Rufus ko Ventoy, ka tayar da kwamfutar daga kilen, ka gwada ta a haka, kada ka danna girkawa. Da ka kashe ka zare shi, Windows ɗinka na nan yadda ka bar ta.