Kano zuwa Legas: motar dare ko jirgin sama?

A sama, tsakanin Kano da Legas kusan kilomita 830 ne. A ƙasa sun kai 1,000, har su haura, ya danganta da inda direba ya bi. Sarin yadi ne ke kai ni kasuwar Balogun daga Kantin Kwari, kuma mota da jirgi duk na hau, don haka ga yadda na same su.

Doguwar motar dare da ke lodi a Sabon Gari ita ce ta talaka, kuma na yaba mata a abu ɗaya: ba ta ƙin kaya. Dila, buhu, kwali, duk za a cusa a ƙasanta, ka yi ciniki da kwandasta a wuce wurin. Amma lokacin tashin da suke faɗa maka, ji kawai za ka yi. An ce mana ƙarfe huɗu, sai bayan magariba muka ɗaga, bayan an jera benci a tsakiya an ƙara fasinja, gwiwar wani bawan Allah a haƙarƙarina har Lokoja.

Hanyar da ta fi kusa ita ce ta Birnin Gwari, a ɓulla Tegina, Mokwa, a haye gadar Jebba zuwa Ilori. Matsalar 'yan bindiga ta sa direbobi da yawa suka guje ta, suna zagayawa ta Abuja, Lokoja, Okene, Akure, Ife, sannan Ibadan. Zagayen nan, da ramuka, da shingayen jami'an tsaro, su ke cinye lokaci. Idan ka sauka cikin awa ashirin, ka gode wa Allah. Direbanmu dai ba ya gudun ganganci, wannan na ba shi. Sallah ce sai da muka yi ta magiya kafin ya tsaya, kuma na'urar sanyaya motar tun a Zariya ta ce ga garinku nan.

Jirgi kuwa, daga filin Malam Aminu Kano zuwa na Murtala Muhammed da ke Ikeja, awa ɗaya da rabi ce. Kafin ka gama cin ɗan biskit ɗin da suke rabawa an ce a ɗaura bel. Sai dai kada wannan ya ruɗe ka. Saƙon ɗage tashi kan shigo waya kana cikin filin, musamman lokacin hazo a Disamba da Janairu. Kana sauka kuma cunkoson Legas na jiranka. Daga Ikeja zuwa Balogun ta gadar Third Mainland, wata rana ya fi tafiyar saman daɗewa. Ga awon kaya, abin da ya haura kilon da aka yarje maka sai ka biya, ɗan kasuwa kuwa nan ribarsa ke zubewa.

Kuɗi ba a magana. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023 kowanne ya yi sama, amma tikitin jirgi ya ninka na mota sau da yawa.

Yanzu idan aljihu ya yarda, jirgi nake bi da 'yar jakata kawai, in yi sarina, in kai dilolin tasha a ɗora su a motar dare, in karɓi rasit da lambar kwandasta, yarona ya tarbe su a Sabon Gari.