Sharhi: Kan jirgin SD40-2 na ma'aunin HO ƙirar China, ingancinsa da tsadarsa

Wannan ƙaramin kan jirgi kwafi ne na SD40-2, injin dizal mai ƙafafu 12 da kamfanin EMD na Amurka ya fara ƙerawa a 1972. Ma'auninsa HO ne, wato kashi 1 cikin 87 na jirgin gaske, yana tafiya a kan dogo mai faɗin milimita 16.5, tsawonsa kuma kusan santimita 24. Wani kamfanin Amurka ne ya zana shi, amma a lardin Guangdong na China aka zuba robarsa, aka yi masa fenti, aka haɗa shi. Mai sauti da na'urar DCC (tsarin dijital da ake ba kowane kan jirgi umarni da shi ta cikin dogo) yana kai wa dala 300, wani lokaci ya wuce. A shekarun 1990 ana samun irinsa na kamfanin Athearn, samfurin mai arha da ke zuwa a shuɗin kwali, a ƙasa da dala 50.

Wajen tafiya ba shi da makusa. A matakin gudu na farko yana rarrafe a hankali ba fizga, duk ƙafafunsa suna ɗaukar wuta kuma suna ja, nauyin ƙarfen tutiyar da ke cikinsa yana danne shi a kan dogo har ya ja taragai 20 a shimfiɗaɗɗen layi ba zamewa. Idan ka kai idonka kusa, za ka ga fankar saman rufi ta cikin ragar ƙarfe, har da ɗan rubutun gargaɗi a jikin ƙofa wanda sai da gilashin ƙara girma ake karanta shi. Tsohon mai shuɗin kwali bai taɓa kusantar wannan ba.

Amma kada a ɗora masa taragai daga fitowarsa kwali. A bar shi ya yi minti 30 gaba, minti 30 baya, a matsakaicin gudu, shi kaɗai. Idan yana gurnani ko yana tangaɗi, yawanci giris ne ya yi yawa ko ya daskare a doguwar tafiyar kwantena. A buɗe murfin ƙasan ƙafafun, a goge giyoyin da tsumma marar gashi, a sa ɗigo ɗaya na man da ba ya cin roba. Man keken ɗinki ko na mota yana lalata wasu robobin, yana kuma malalowa kan 'yan ƙarafan da ke ɗebo wuta daga ƙafafu, sai sauti ya riƙa yankewa. Maƙallan haɗa taragai da yake zuwa da su na roba ne, suna sagewa idan taragai sun yi yawa. A canza su da na ƙarfe na kamfanin Kadee lamba 148, a daidaita tsayinsu da ma'aunin kamfanin. Lambarsa ta DCC daga masana'anta 3 ce. Na'urar sauti ta ESU LokSound 5 ce a ciki, ana saita ta da gurabe masu lamba da ake kira CV: CV63 ke rage ƙarar sauti, kuma idan saiti ya rikice, rubuta 8 a CV8 yana mayar da komai yadda ya zo.

Mai ƙaramin teburi ya lura da kwana. A kwanar inci 18 (awon daga tsakiyar da'ira zuwa dogo) yana wucewa da ƙyar, gindinsa yana fita waje ya janye taragon farko daga dogo. Inci 22 ko sama da haka ya fi dacewa da shi.

Inda raina bai kwanta ba shi ne raunin jikinsa da rashin kayan gyara. Makaran gefe, waɗanda ma'aikaci ke riƙewa a jirgin gaske, siraran roba ne masu santsi da gam na yau da kullum ba ya kamawa, fenti ma yana ɓarewa a kansu. Ɗaga shi ta tsakiya da yatsu biyu kawai ya isa ya lanƙwasa su. Ta tankin mai ake ɗaukarsa. Idan ɗaya ya karye, sai dai ka yi sa'a, domin masana'anta tana buga adadin da aka yi oda ne da ɗan rara kaɗan, daga nan a sauke mazubin a ɗora na wani kamfani. Haka giyar da ke tsakiyar ƙafafu: robar tana matse da ƙarfe, da shekaru sai ta tsage, ka ji "ƙas, ƙas" a kowane juyi. A da kowane shagon wannan sana'a yana da jakar irin waɗannan giyoyi. Yanzu wanda ya saya gara ya nemi makarai da giyoyi na ajiya tun a watannin farko.

Wannan duk ya samo asali ne daga yadda sana'ar ta koma. Hornby ta Ingila ta gama kwashe ƙirar jiragenta daga Margate zuwa China a 1999, Athearn kuma ta daina fitar da masu shuɗin kwali a 2009. Arhar ma'aikata ce ta ba da damar liƙa ƙananan sassa fiye da ɗari da hannu a jirgi ɗaya, masu saye suka saba da hakan. Da albashi ya tashi a Guangdong, babu hanyar komawa baya, domin ba wanda zai yarda a rage ado kuma. Masana'antun da suka iya aikin ma ba su da yawa. Kader, mai kamfanin Bachmann, ta sayi masana'antar Sanda Kan a 2008, zuwa 2010 aka sallami kamfanoni da dama da ake yi wa aiki a can. A 2018 masana'antar Affa ta rufe, kayan kamfanonin Atlas da Bowser da InterMountain da take ƙera wa suka tsaya. Sai tsadar dakon kwantena a 2021, sai harajin Amurka kan kayan China da ya kai kashi 145 cikin 100 a watan Afrilun 2025 kafin a sassauta. Kuɗin mazubin ƙarfe kuma ana raba shi ne a kan 'yan dubban jirage kawai. Shi ya sa ake yin oda shekara ɗaya ko biyu kafin kaya su iso, farashin kuma kan canza a tsakani.

A ganina ya cancanci kuɗinsa ga wanda yake da faffaɗan layi da DCC, kuma yake son kan jirgi ɗaya ko biyu na nunawa. Yaro ko sabon shiga bai kamata ya fara da shi ba, abin da ke damuna ke nan, domin tsadar tana korar matasa daga harkar. Ga taragai da dogo kuwa babu dalilin biyan irin wannan farashi: Accurail na yin na haɗa-da-kanka a jihar Illinois, Peco na yin dogo a Devon ta Ingila, ga kuma tsofaffin masu shuɗin kwali na hannu, waɗanda sukurudireba ɗaya da sabbin maƙallai ke tayar da su. A auna kowane tarago bisa ƙa'idar NMRA, ƙungiyar masu wannan harka ta Amurka: oza 1 da ƙarin rabin oza a kowane inci na tsawonsa, don kada wannan injin mai ƙarfi ya tuge marasa nauyi a kwana.