Gargaɗi ga masu shirin siyan mota mai lantarki tokumbo

Jama'a don Allah ku tsaya ku karanta, musamman masu son Nissan Leaf. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane suka fara waiwayar motocin lantarki, to su ma macuta sun lura.

Yayana ya siyi Leaf ƙirar 2015 a hannun wani dillali, tare muka je. Layukan nan 12 masu nuna lafiyar batir a dashbod duk cike suke taf, mutumin har da rantsuwa wai batirin ko gajiya bai fara ba. Muka zaga unguwa sau biyu aka biya kuɗi. Yaya ya caja ta zuwa kashi 80 cikin ɗari ya ajiye ta a rumfa ya yi tafiyar kwana biyu, ko da ya dawo 66 ya tarar. Mota a tsaye fa, babu wanda ya taɓa ta! Ko Tesla da kwamfutocinta ba sa cika barci, kamfanin cewa ya yi kusan kashi 1 take zubarwa a rana, balle Leaf da ba ta kai haka ba.

Kafin wata biyu layukan suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya har suka tsaya a 8, wata rana ma hoton kunkurun nan mai nuna motar ta rage ƙarfi ya fito masa a dashbod a tsakiyar titi motar ta koma rarrafe, ga yara a baya. Wallahi abin ya min ciwo, kuɗin filinsa ne ya zuba.

Mai gyaran da ya duba ya ce goge ƙwaƙwalwar batirin aka yi, wato BMS, sai motar ta ɗauka sabo aka sa mata, a hankali take sake lissafi gaskiya ta fito. Kuma batirin Leaf ba shi da ruwan sanyaya shi, zafin nan namu cinye shi yake.

Don haka kar dashbod ya ruɗe ku. Ku je da 'yar na'urar OBD2 da ake jonawa a motar don karanta bayananta da manhajar LeafSpy a waya, tana nuna sel-sel (ƙananan ɓangarorin batirin) biyu-biyu, rukuni 96, ɗaya bayan ɗaya, mai rauni ba ya ɓuya. In kuka ga motar da ta haura shekara tara tana nuna SOH, wato lafiyar batir, kusa da kashi 100, ku ja da baya. Ku ɗau hoton cajin da yamma, ku dawo da safe ku sake gani, sannan ku yi doguwar tafiya da ita kuna lissafin kilomita da cajin da ya tafi. Dillalin da ya ƙi yarda da wannan ku bar masa kayansa.

Namu dai tun makon jiya wayarsa a kashe take.