Shagon noti a Sina'iyyar Jidda: akwai ƙyalli, amma sai Baba ya yarda

Duk mai babur a Jidda ya san abin da iskar Bahar Maliya take yi wa ƙarfe. Fenti garau, tanki yana sheƙi, amma kawunan notin murfin inji da na salansa sun yi jawur da tsatsa, sai babur ya tsufa a ido alhali lafiyarsa ƙalau. Nawa Honda Shadow 750 ne, na hannu, kuma mai shi na farko ya cakuɗa masa noti kala-kala, duk wanda ya ɓace sai ya cusa abin da ya samu. Abin da ya kai ni wani shagon noti a Sina'iyya, unguwar masana'antu da garejoji, ke nan, na wani dattijo Bahaushe haifaffen Makka, wanda kowa ke ce wa Baba.

Baba ba ya sayar maka da komai sai ya ga na jikin babur. Zai sa yaronsa ya kwance, ya auna kauri da tsawo, sannan ya ɗora ma'aunin haƙori. A nan ne mutane ke yi wa kansu ɓarna. Notin M10 (mai kaurin milimita 10) na baburan Japan galibi tazarar haƙorinsa milimita 1.25 ce, wanda ya cika kasuwa kuwa 1.5 ne. A ido duk ɗaya suke, amma ka matsa shi da ƙarfi cikin alminiyom, ramin ya tashi aiki. Haka M8 na Japan sifana 12 yake ci, na kasuwa 13, ranar da ka tsaya a hanya sai ka tarar sifanar da ke cikin kayan babur ba ta kama shi. Masu baburan Harley na Amurka kuwa durowarsu daban ce, don yawancin nasu da inci ake aunawa.

Na ce masa ina so a mayar da komai na ƙarfe marar tsatsa, mai ramin alanki, kai iri ɗaya daga gaba har baya. Ya ɗaga notin birki ya nuna mini lambar ƙarfi da ke kansa, 10.9, ya ce, "Ɗana, wannan ba na ado ba ne, bar shi inda ka gan shi." Na ce, "Baba, ai kuɗina ne." Ya ce kuɗina ne, amma shagonsa ne. Kuma gaskiyarsa: marar tsatsa mai lamba A2-70 ƙarfin jansa megafaskal 700 ne, 10.9 kuwa 1000 ne, kuma na farkon ya fi saurin miƙewa idan nauyi ya hau shi. Don haka birki, faifan birki da abin da ke riƙe da tayoyi, goge su kawai aka yi aka mayar.

Inda ya sake mini hannu shi ne murafan inji, mazaunin fitila, madogaran lamba da murfin gefe. Ya ba ni nau'in marar tsatsa na A4 maimakon A2, don shi ne ya fi jure gishiri, ko da yake ya fi tsada. Kowane noti sai da aka shafa wa haƙorinsa man hana kamewa, saboda marar tsatsa idan ya daɗe cikin alminiyom ga danshi, sai su manne, ranar kwancewa kan ya gutsure. Aka sa washa siriri a ƙarƙashi, aka rufe tsinin da ke leƙowa da noti mai hula. Yanzu gefen injin ya zama tsaf, ido ba ya tuntuɓe da komai.

Sai dai shagon yana da nasa. Babu rubutu a jikin durowa ko ɗaya, komai a kan Baba yake, in ya fita sai ka zauna jira, yaron ba zai iya nemo maka ba. Dogayen A4 ba su cika samuwa ba, biyu daga cikin nawa A2 aka sa. Hulunan kurom da suke sayarwa a leda kuma kada ka kula su. Maganaɗisu yana cafke su caraf, ƙarfe ne aka yi wa wanka, waɗanda na gwada a salansa tun kafin zafi ya wuce suka fara ɓawo. Yaron ma hannunsa da nauyi, sai da na tsaya a kansa, don M6 na murfin inji ɗauri kaɗan yake so.

In za ka je, tafi da kwali ka zana surar murfin a kai, duk notin da aka cire ka soke shi a gurbinsa, don tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogo a ramin gajere yana iya fasa jikin inji. Bayan La'asar ya fi, lokacin Baba yana zaune.