Batun manhajar zane da ka ce in sayo maka

Ƙanena, bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya a Birnin Kebbi. Saƙonka ya iso cewa in sayo maka AutoCAD ta asali in ba mai zuwa gida ya kawo, tunda ka gama kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru kana shirin buɗe shagon zanen gine-gine. To, babu abin da za a saka a jaka. Tun 2016 kamfanin Autodesk ya daina sayar da ita sayen dindindin. Haya ake yi yanzu, wata-wata ko shekara-shekara, da sunan mutum ɗaya, kuma dole kwamfutar ta hau intanet aƙalla sau ɗaya a kwana 30, in ba haka ba manhajar ta ƙi buɗewa. Ka lissafa wannan da naira kafin ka ce lallai sai ita.

Mu nan Beljiyam, a ofishinmu BricsCAD muke aiki da ita, ta kamfanin Bricsys da ke Ghent. Su har yanzu suna sayar da lasisin da za ka biya sau ɗaya ya zama naka. BricsCAD tana buɗe DWG, wato nau'in fayil ɗin zanen AutoCAD, tana ajiyewa a DWG, kuma hannun da ya saba da AutoCAD ba ya ɓata: L ka ja layi, O ka fitar da kaurin bango, TR ka datse abin da ya wuce. ZWCAD da GstarCAD na ƙasar Sin su ma haka suke. DraftSight kuwa, da kyauta ce, amma a ƙarshen 2019 aka rufe wannan ƙofar. LibreCAD ita ce kyauta ta gaske, ba ta da nauyi, tsohuwar laftof ma tana ɗaukarta, sai dai harshenta DXF ne, wani nau'in fayil ɗin zane daban da DWG. Ranar da injiniya ya turo maka DWG mai kaya da yawa za ka sha wahala.

AutoCAD ta sata da ake sa wa mutane a shagunan kwamfuta da ɗan kuɗi kaɗan, nan ba mai gigin taɓa ta, don ana bincike kuma ana cin tara.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba wanda ke fara zane a kan farin shafi. Kafin a ba ni aikin farko sai da aka miƙo mini fayil ɗin DWT na ofis, wato shiryayyen shafin da ake fara kowane zane a kansa. A ciki an riga an tsara komai: leyar bango daban, ta ƙofofi da tagogi daban, ta awo daban, kowace da launinta, girman rubutu, akwatin suna a gefen takarda. Akwai kuma fayil ɗin CTB da ke gaya wa firinta cewa launi kaza ya fito da kaurin milimita 0.5, launi kaza 0.18. Shi ya sa zanen mutum goma ke fitowa kamar hannu ɗaya ne ya yi. Mu a gida kowa da jan layinsa da korensa, sai an buga a ga bango da layin awo kaurinsu ɗaya, magini yana ta juya takarda. Wani abokin aikina ya gyara fayil ɗin PGP ɗinsa, wanda ke riƙe da gajerun haruffan umarni irin su L da TR, yadda duk umarnin da yake yawan bugawa ya koma ƙarƙashin hannun hagu, damansa ba ya barin linzami. Da ɗan guntun LISP kuma, yaren da ake rubuta wa manhajar ƙananan umarni da shi, yana danna ɗaki girman ɗakin ya rubuta kansa a tsakiya. Ita AutoCAD LT, ƙaramar AutoCAD, sai a fitowar 2024 ta samu LISP.

Gyara biyu ka yi saboda yanayinmu. SAVETIME, saitin da ke sa manhajar ta riƙa ajiye aiki da kanta, a AutoCAD yana zuwa a kan minti 10. Mayar da shi 3, ka san halin wutarmu. In kuma aikin safiyo ya shigo, gini milimita ne, fili mita ne, Birnin Kebbi tana yanki na 31 a UTM, tsarin da ke raba taswirar duniya yanki-yanki, kuma ka tambayi mai awon ko da ma'aunin Minna na Najeriya ya ɗauka ko WGS84 da GPS ke aiki da shi, don kada filin mutane ya matsa cikin na maƙwabci.

Shawarata ka sauke BricsCAD ta gwaji, kwana 30 ce, ka zana gida guda da ita tun daga tushe har bugawa a A3. Turo mini bayanin laftof ɗinka, ni kuma zan aiko maka DWT da CTB da na haɗa da kaina ta WhatsApp. In ta yi maka, sai mu zauna kan batun kuɗin. Ka gaishe da Inna da su Yaya.